Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Likitocin Ƙwaƙwalwa da na Yara a Arewa: Ku Auna Abin da Yaro Ke Rasawa, Ba Yawan Ƙiriniyarsa Kaɗai Ba

Zuwa ga likitocin ƙwaƙwalwa, da likitocin yara, da masana halayyar ɗan Adam da ke duba yaranmu a asibitocin Arewa, da shugabannin Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Najeriya.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da aiki, ina yi muku sannu da fama da jama'a. Allah Ya ƙara haƙuri, Ya saka muku da alheri.

Ni malamar firamare ce, kuma da yake na karanci ilimin yara masu buƙata ta musamman, wurina ake turo duk yaron da ya gagari malamin ajinsa. Wannan ya sa takardunku suke biyowa ta hannuna. Uba zai zo da takarda a naɗe cikin aljihu, ya ce likita ya ce a ba malamin yaron ya cika. In na warware, kusan kullum abu ɗaya nake gani: jerin tambayoyi da Turanci a kan alamomi. Yana yawan mutsu-mutsu a kan benci? Yana katse mutane in suna magana? Yana ɓatar da fensir? Yana kasa jiran layi? Mu sa alama, a ƙirga, a mayar muku. Abin da ban cika gani ba shi ne tambayar da ta kai uban asibiti tun farko, wato me wannan hali ya hana yaron samu. Ya iya karatu ko bai iya ba? Yana da aboki ko kowa ya guje shi? Ana iya aikensa? An kore shi daga islamiyya? Gidansu na zaune lafiya, ko kullum uwa da uba cikin cacar baki suke a kansa? Roƙona gare ku shi ne ku mayar da wannan tambaya ta biyu ginshiƙin binciken da kuke yi wa yaran da ake zargin suna da lalurar rashin natsuwa da kasa tattara hankali, wadda kuke kira ADHD, da masu matsalar bijirewa da ɓarna. Kuma ku samar mana da ma'auninta da Hausa, wanda aka gina a kan rayuwar yaranmu.

Ba wani sabon ilimi na zo koya muku ba, ranku ya daɗe, a littattafanku na tsinto shi. Kundin DSM-5 na likitocin ƙwaƙwalwar Amurka, wanda ya fito a 2013, bai ce a tsaya a kan ƙirgen alamomi ba. Ya ce a sami aƙalla shida cikin tara na rashin tattara hankali, ko shida cikin tara na yawan motsi da gaggawa, su kai wata shida, wasunsu su bayyana kafin shekara 12, a gan su a wuri biyu ko fiye. Sannan ya ƙara da cewa sai an sami hujja bayyananniya cewa suna kawo cikas ga karatun yaron ko zamansa da mutane. Kundin ICD-11 na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya fara aiki a 2022, shi ma ya gindaya wannan sharaɗi. Amma wannan sharaɗin ne ya fi saurin faɗuwa a hanya, don ƙirga alama ba wuya, gano inda rayuwar yaro ta tawaya kuwa sai an zauna an yi tambaya.

Tsallake shi ba ƙaramin kuskure yake haifarwa ba. A binciken da Hector Bird da abokan aikinsa suka yi a tsibirin Puerto Rico, wanda aka buga a 1988, kusan rabin yaran da aka duba sun cika sharuɗɗan wata lalura ta ƙwaƙwalwa in alamomi kawai aka bi. Rabin yaran gari! Da aka ce sai an ga tawaya ta gaske a rayuwarsu, adadin ya sauko ƙasa da kashi 20 cikin 100. A 2006 kuma Michael Gordon da wasu masana a Amurka suka duba alaƙar yawan alamomin ADHD da girman cikas ɗin da mai su ke fuskanta. Suka tarar alaƙar mai rauni ce: a matsakaici, yawan alamomi bai bayyana ko kashi 10 cikin 100 na bambancin tawaya da ke tsakanin mutanen ba. A wani rukunin da aka ware bisa alamomi, da aka ɗora sharaɗin tawaya sai kashi 77 cikin 100 suka fita. Ma'anar wannan a wurina ita ce, in ka san yawan alamomin yaro, ba ka san halin da yake ciki ba tukuna.

Bari in kawo muku maganar cikin aji, inda nake da ta cewa. Akwai yaron da duk alamar da ke takardarku sai ya cinye ta. Ba ya zama, bakinsa ba ya rufuwa, kafin ka gama tambaya ya jefo amsa. Amma ba ya wuce na uku ko na huɗu a jarrabawa, shi yara ke zaɓa ya raba musu 'yan wasa in za su buga ƙwallo, haddarsa na tafiya, kakarsa ba ta aiken kowa kasuwa sai shi don bai taɓa dawo mata da canji a tawaye ba. Yaron nan yana gajiyar da ni, ba na musu. Sai dai gajiyata ba cuta ba ce a jikinsa. In aka bi ƙirge aka ɗora shi a kan magani, ni aka yi wa magani, shi aka ba ƙwayar.

Akwai kuma yarinyar da ke zaune a bayan aji, hijabinta tsaf, ba ta taɓa sa ni ɗaga murya ba. Idonta na kan allo, hankalinta na wani gari. Tana aji huɗu ba ta iya haɗa baƙi ba. A gida an bar mata tukunya ta bar ta ta kama, an ba ta rainon ƙaninta ta ajiye shi a zaure ta bi 'yan gaɗa, an aike ta sayen gishiri ta dawo da daddawa. Sunanta ya koma sakarya a gida, daƙiƙiya a makaranta, har ita ma ta yarda da hakan, in ka tambaye ta abu kafin ta gwada ta ce ba ta iya ba. Ba mai kai ta asibiti, domin ba ta dami kowa ba. In ma tsautsayi ya kai ta, takardar da rabinta tambayar tsalle-tsalle ce za ta nuna ta da dama-dama. Ƙarshenta a ce boko ba rabonta ba ne, a zare ta daga makaranta, ta tafi gidan miji da wannan mantuwar, can ma a ci gaba da kiranta da sunan da aka saba. Ita ce ta fi kowa asara a ajin, kuma tambayar tawaya ce kaɗai za ta iya zaƙulo ta.

Na ukunsu shi ne wanda ba na jin masu rubuta waɗannan takardu a ƙasashen waje sun yi tunaninsa sosai: yaron da bulala ta danne masa alamomi. In malami mai dorina yana aji, za ka rantse ba ya nan. Malamin zai cika takarda da gaskiyarsa, ya ce yaro natsattse ne. Amma duk ƙarfin yaron ya ƙare wajen riƙe jikinsa don kada a dake shi, ba abin da ya shiga kansa, da an tashi kuma ya je ya sauke a kan ƙannensa. Iyaye da malamai za su ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. To, an tanƙwara zamansa a benci, karatun fa? Wannan ma ba za ku gani ba sai kun tambayi sakamako.

Ma'aunan wannan aiki suna nan, kun fi ni saninsu. Akwai CGAS na David Shaffer da abokansa tun 1983, inda likita ke ba yaro maki tsakanin 1 da 100. Akwai na Jami'ar Columbia mai tambaya 13. Akwai na Margaret Weiss ta Kanada, mai tambaya 50 ga iyaye a kan gida, makaranta, kula da kai, yadda yaro ke kallon kansa, hulɗa da abokai, da jefa kai cikin haɗari. Akwai kuma SDQ na Robert Goodman na Ingila, wanda bayan tambayoyinsa 25 yake da ɗan ƙarin shafi da ke tambayar ko matsalar na damun yaron, ko tana shafar zamansa a gida, abotarsa, karatunsa da wasansa, da ko ta zame wa iyali nauyi. Abin takaici, wannan ƙarin shafin ne ake yawan mantawa wajen mai hoto, a kawo mana na gaban kawai.

Wanda ya fi kwanta mini shi ne wanda Gregory Fabiano da William Pelham da abokansu suka fitar a 2006 daga Jami'ar Buffalo. Gajere ne ƙwarai. Iyaye suna amsa abu bakwai: zaman yaro da tsaransa, da 'yan uwansa, da iyayensa, karatunsa, ƙimar da yake ba kansa, tasirin matsalar ga iyali, sai hukunci na gaba ɗaya. Malami yana amsa shida. A kowanne, mutum zai nuna inda yaron yake tsakanin babu matsala da matsala mai tsanani wadda lalle tana buƙatar taimako, a ba da maki daga 0 zuwa 6, in ya kai 3 a ɗauka akwai abin dubawa. Sannan an bar fili mutum ya faɗi abin da bakinsa. Wannan filin ya fi makin daraja a wurina, domin nan ne uwa za ta ce muku tun bara maƙwabta suka hana 'ya'yansu shigowa gidanta.

Amma kada ku ɗauko ko ɗaya daga cikinsu ku juya shi zuwa Hausa ku ce an gama. Ma'aunin Weiss yana tambayar ko ana gayyatar yaro liyafar yara, ko yana shiga ƙungiyoyin kiɗa da wasanni bayan an tashi daga makaranta, ko yana wuce gona da iri a wasan bidiyo. Tambayoyi ne masu ma'ana ga yaron Toronto, wataƙila da wasu 'yan unguwannin masu hali a nan. Yaron Kurna ko na ƙauyen Gumel kuwa yininsa daban ne. Ya tashi da asuba ya tafi makarantar allo, ya dawo ya wuce boko, da la'asar islamiyya, tsakani kuma ɗebo ruwa, kai niƙa, kai wa baba abinci kasuwa, kora awaki, ko zama a shagon tela ko garejin da aka kai shi koyon sana'a. Yarinya ga shara, ga wanke-wanke, ga goyo, wata ga farantin talla da lissafin kuɗin da za ta kawo cif. A nan tawayarsu take bayyana. Yana iya tsayawa a sahu har a sallame ba tare da ya tsokani na kusa da shi ba? An wanke masa allo sau nawa a wata, ko yana nan a wuri ɗaya tsaransa sun wuce shi? Maigidansa na sana'a ya dawo da shi? Ana barinsa ya tsallaka titi shi kaɗai a shekarun da sa'o'insa ke tsallakawa? Sau nawa aka kai shi ɗori ko ɗinki a bana? Ma'aunin da bai tambayi waɗannan ba, ya bar fiye da rabin rayuwar yaron a waje.

Akwai hanyar da aka riga aka bi don irin wannan, kuma a nahiyarmu aka fara ta. Paul Bolton da Alice Tang sun bayyana ta a 2002 daga aikin da suka yi a Ruwanda da Yuganda. Maimakon su zo da tambayoyi a jaka, sai suka tambayi mutanen gari su lissafa ayyukan da namiji da mace ke yi a kullum don kansu, don iyalinsu, da don al'umma. Ayyukan da aka fi ambata su suka zama tambayoyin, aka kuma yi amfani da zanen mutum ɗauke da kaya mai ƙara nauyi don wanda bai iya karatu ba ya nuna girman wahalar da yake sha. Wietse Tol da abokansa sun bi irin wannan hanya ga yara a Indunusiya, suka buga a 2011. Me zai hana ɗaliban da ke neman ƙwarewa a Asibitin Malam Aminu Kano, ko Shika, ko Barnawa, ko Kware, ko Maiduguri su zauna da iyaye mata, da malaman allo, da yaran kansu, su fito mana da jerin abin da ake sa ran ɗan shekara bakwai da ɗan shekara goma sha biyu su iya a birni da ƙauye? Sashen ilimin masu buƙata ta musamman na Jami'ar Bayero yana kusa, Cibiyar Lafiyar Ƙwaƙwalwar Yara da Matasa ta Jami'ar Ibadan da Farfesa Olayinka Omigbodun ta kafa ta yaye ƙwararru a wannan fanni. Masu aikin ba su suka yi ƙaranci ba.

Sai batun wa za a tambaya, wanda a ganina ya fi batun tambayoyin sarƙaƙiya. Tun 1987 Thomas Achenbach da abokansa suka tattara bincike sama da ɗari, suka nuna cewa uwa da uba sukan yi kusa da juna in suna bayanin halin yaro, amma tsakanin iyaye da malami daidaituwar kaɗan ce, tsakanin yaron da manya kuwa ta fi haka ƙanƙanta. Ba wai wani na ƙarya ba ne, kowa abin da ya gani a inda yake ya faɗa. A wurinmu abin ya ƙara rassa. Sau da yawa uba ne ke kai yaro asibiti, alhali ya fita tun safe sai dare, abin da ya sani rahoto ne. Uwa kuma, musamman in ɗan fari ne, tana iya zama gaban likita namiji ta sunkuyar da kai ta ce ai da sauƙi, ba don da sauƙin ba, alkunya ce ta hana ta zaƙewa a kan ɗanta. Goggo ko kaka ko yayar yaron ce za ta buɗe baki. Wani yaron ɗan riƙo ne, wani a hannun matar uba yake, wadda za ta iya zama ita ta fi kowa sani da tausayi, za ta kuma iya zama akasin haka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai an fara gano waye mai ɗakin. Ku sa a saman takardar: wa ke amsawa, mene ne shi ga yaron, awa nawa yake tare da shi a yini. Kuma a karanta wa mutane tambayoyin da baki, kada a miƙa wa uwa biro a tsaya a kanta.

Mu malaman boko ma kada ku ɗauki maganarmu kamar yankan wuƙa. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Ni na tsaya gaban aji mai sama da ɗari, wasu a kan benci, wasu a ƙasa, wasu a taga. A irin wannan aji malami ya san masu surutu da masu ƙoƙari, na tsakiya kuwa ko sunansu sai ya duba rajista. Malamin islamiyya ko na allo sau da yawa ya fi mu sanin yaron, yana sauraron karatunsa baki da baki, kuma ya san shi shekara da shekaru. Ban taɓa ganin takardar da aka ce a kai masa ba. Ga kuma matsalar shekaru. Wani bincike a Amurka da aka buga a 2018 ya nuna cewa a jihohin da ke rufe ɗaukar 'yan makaranta ranar 1 ga Satumba, yaran da aka haifa a Agusta, wato ƙananan aji, sun fi na Satumba samun shaidar ADHD da kusan kashi ɗaya cikin uku. Tazarar da ba ta kai shekara guda ba ke nan. Mu kuwa a aji ɗaya za ka ga ɗan shekara biyar kusa da ɗan shekara tara, wasu ko takardar haihuwa babu. In kun ce malami ya kwatanta yaro da 'yan ajinsu, da wa zai kwatanta shi? Ku ce da tsaransa na haihuwa, ku kuma tabbatar da shekarun, ko da ta hanyar tambayar uwar da wace sallah ko wace damina ta haife shi.

Ina sane da iyakar abin da nake roƙo. Ma'aunin tawaya yana nuna cewa yaro na cikin matsala da girmanta, ba ya faɗin dalili. Yaron da kunnensa ya daɗe yana zubar da ruwa ba ya jin malami, zai yi kama da marar tattara hankali. Haka mai farfaɗiyar nan da ba ta kayarwa, wadda yaro ke ɗaukewa na 'yan daƙiƙu ya dawo. Haka mai amosanin jini da jini ya taɓa toshe masa a ƙwaƙwalwa ba a sani ba, da wanda zazzaɓin cizon sauro ya taɓa sumar da shi, da wanda ya zo makaranta ba karin kumallo, da wanda aka gudo da shi daga ƙauyensu bayan ya ga abin da bai kamata yaro ya gani ba. A Zamfara, gubar dalma ta wuraren haƙar zinare a Anka da Bukkuyum ta kashe yara sama da 400 a 2010, kuma sananne ne cewa dalma na taɓa hankali da ɗabi'ar waɗanda suka rayu. Rarrabe waɗannan aikinku ne, ba na takarda ba. Abin da takardar za ta yi shi ne ta nuna muku wane yaro ya cancanci ku ba shi wannan lokacin.

A ɓangaren bijirewa da ɓarna kuwa, rashin auna tawaya da nauyin da iyali ke ɗauke da shi yana da mummunan ƙarshe da muka gani da idonmu. A Satumban 2019 'yan sanda suka fito da mutane sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, cikinsu har da yara, wasu da mari a ƙafa, daga baya aka bankaɗo irinsa a wasu garuruwa. Da yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, har suna biya, don sun ce sun kangare. Ba na kare abin da aka yi a waɗannan gidaje. Amma uwa ba ta wayi gari haka kawai ta miƙa ɗanta ga mari ba. Kafin nan an yi shekaru ana kawo ƙara, ana biyan kuɗin gilashin mota da na kan da aka fasa, an canza makaranta, an yi rubutu, an yi hayaƙi, har gidan ya gaji. Tambaya ɗaya tak, a yi ta da wuri, cewa yaya wannan al'amari ya shafi gidanku kuma me kuke tunanin yi nan gaba, za ta iya nuna muku iyalin da ke dab da sallamawa. A ɗaya gefen, kundin DSM ya sa guje wa makaranta da kaiwa dare a waje cikin alamomin lalurar ɓarna. Yarinyar da ba ta zuwa aji ranar kasuwa don an ɗora mata talla ba gudu ta yi ba, almajirin da ke yawo da dare neman abinci yake. Kundin da kansa ya yi gargaɗin a duba muhallin da yaro ke ciki kafin a yanke. In ba a yi haka ba, talauci za a rubuta wa sunan cuta.

Wani wurin da nake ganin giɓi shi ne bayan an fara magani. Uba zai koma asibiti, a tambaye shi ya jikin yaro, ya ce alhamdu lillahi ya yi sanyi. Yin sanyi ba shi aka je nema ba. Maganin methylphenidate, wanda aka fi sani da Ritalin, yana rage alamomi ƙwarai ga yara da yawa, ba na cikin masu ƙyamarsa. Amma yana rage cin abinci, yana iya hana barci, ga tsada, ga wuyar samu. Iyalin da suka matse bakin aljihu suka saya sun cancanci a nuna musu abin da ya canza: a wata uku ya ƙara shafi nawa a karatu, ƙarar da ake kawowa ta ragu, ya yi aboki. Babban gwajin da aka yi a Amurka da yara 579 masu ADHD na tsawon wata 14, wanda aka buga a 1999, ya nuna magani ne kan gaba wajen rage alamomi, amma a fannoni irin su karatu, zama da iyaye da hulɗa da tsara, haɗa magani da horon ɗabi'a ne ya fi fitowa fili a kan kulawar da aka saba bayarwa. Da alamomi kaɗai suka auna, da ba su ga wannan ba. Ƙa'idar 2018 ta NICE, hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ita ma cewa ta yi a ba yaro ɗan shekara biyar zuwa sama magani ne in har tawaya mai tsanani ta ci gaba bayan an gyara masa muhalli, kamar matso da shi gaban aji da gutsuttsura masa aiki. Ta yaya za a san ta ci gaba in ba a auna ta tun farko ba?

Akwai ɗan abin da muke iya yi tare ba tare da jiran kowa ba, wato katin rahoton kullum da Pelham ya daɗe yana koyarwa. A zaɓi abu biyu ko uku da ake so yaro ya gyara, masu ƙirguwa, misali ya gama rabin aikin lissafi, ko a tashi tara bai daki kowa ba. Malami ya sa alama kafin a tashi, yaro ya kai gida, a yaba masa ko a ba shi ɗan tukuici in ya cika. Katin nan shi kansa magani ne, kuma ma'auni ne, domin in uba ya zo muku da na wata guda kun ga tafiyar yaron da idonku. Na gwada shi da bayan tsohon kwali, yana aiki in malami ya yarda kuma gida sun riƙe. Sa hannun likita a kai yana sa shugaban makaranta ya ɗauke shi da muhimmanci fiye da in ni na kawo.

Na san abin da za ku ce, kuma kuna da gaskiya: ku 'yan kaɗan ne. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya ba su kai 300 ba, masu ƙwarewa a kan yara kuwa ƙalilan ne a cikinsu, layi kuma har waje. Amma wannan hujjata ce, ba taku ba. Ƙiyasin da Guilherme Polanczyk da abokansa suka fitar a 2007 ya ce kimanin kashi 5 cikin 100 na yaran duniya ke da ADHD. A aji mai yara ɗari, biyar ke nan, a makaranta guda kuwa sun cika ɗakin jiranku. Ba za ku iya ganin kowa ba, don haka dole a sami hanyar sanin wa zai fara shiga. Shafi ɗaya da ma'aikaciyar jinya ko jami'in lafiya na unguwa zai karanta wa uwa cikin minti biyar kafin ta shigo wurinku zai rage muku aiki. Tsarin mhGAP na Hukumar Lafiya ta Duniya ya riga ya buɗe ƙofar horar da ma'aikatan matakin farko a kan matsalolin ɗabi'ar yara. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya. Ƙungiyarku na da bakin da za ta nemi wannan sashe ya ɗauki nauyin aikin, mu malaman firamare ba mu da shi.

In Allah Ya sa kun samar da ma'aunin, ina roƙon ku gwada shi a kan yara masu yawa, na birni da na ƙauye, maza da mata, 'yan boko da almajirai, kafin ku tsayar da makin da za a ce daga nan akwai matsala, kada ku aro na Buffalo. Ku fitar da shi da boko da ajami, kyauta, yadda kowane asibiti zai iya bugawa. Wanda za a kawo makaranta kada a buga masa sunan asibitin ƙwaƙwalwa da manyan baƙaƙe a sama, a kuma sa shi cikin ambulan, domin na ga yadda takarda ɗaya da ta faɗa hannun ɗan aji ta sa aka bi yaro da waƙar mahaukaci har ƙofar gidansu. Ku bar wa yaron da ya kai shekara tara ko goma nasa 'yan tambayoyin, a yi masa su ba a gaban uba ba.

Mu a shirye muke mu tara muku iyaye, mu kai ku wurin malaman islamiyya da alarammomin unguwa, mu cika duk abin da kuka kawo. In za ku zo, ku zo a tsakiyar zango na biyu, lokacin malami ya san yaransa, kuma ku kauce wa makon jarrabawa.

Wassalam.

Taku,
Wata malamar firamare